Ibnun Nafis, likitan da ya bi sawun jini daga zuciya zuwa huhu

A shekarar 1924 aka buɗe makarantar likitanci ta Kitchener a Khartum, wadda yau ta zama tsangayar likitanci ta Jami'ar Khartum. Littattafan wancan zamani Turawa kaɗai suke ambata idan ana batun kewayawar jini, musamman William Harvey na Ingila da littafinsa na 1628. A wannan shekara ta 1924 kuma wani ɗalibi ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya bayyana wani tsohon rubutun Larabci da ya tarar a laburaren Berlin. Marubucinsa ya riga Harvey da kusan shekara 400 wajen warware rabin al'amarin.

Sunansa Alauddin Ibnun Nafis. An haife shi a yankin Dimashƙa wajen 1213, ya yi karatu a asibitin Nuri, sannan ya koma Alƙahira, inda ya haɗa likitanci da koyar da fiƙihun Shafi'iyya.

Sama da shekara dubu likitoci na bin maganar Jalinus, Bagirike, cewa jini na ratsawa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani. Ibnu Sina ma haka ya tafi a kai. A sharhin da Ibnun Nafis ya yi wa littafin Ibnu Sina a 1242, bai kai shekara talatin da biyar ba, ya ce bangon da ya raba ɓangarorin biyu mai kauri ne, babu ƙofa a jikinsa. Jini na fita daga dama ne ya nufi huhu, ya gauraya da iska, sannan ya dawo ɓangaren hagu. Ya kuma ce zuciya na samun abincinta daga jijiyoyin da ke jikinta. A zamanin da ja da Ibnu Sina kan iya zubar wa likita mutunci, wannan ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce.

Bai kai ga gano yadda jinin ke zaga sauran jiki ya komo ba. Wannan sai Harvey.

Ya ƙudurta rubuta kundin likitanci mai juzu'i 300, ya kammala 80. Ya rasu a Alƙahira a 1288, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri.