Tunawa da Magabata: Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina (1923–1999)

A wannan fitowa ta mujallarmu mun ga ya dace mu waiwayi rayuwar marigayi Alhaji Mamman Shata. Ko da yake shi ba ɗan Batsari ko Safana ba ne, da wuya a sami gida a ƙasar Ruma ko ta Yariman Katsina da bai tashi da jin muryarsa a rediyon Kaduna ba. Akwai darasi a rayuwarsa ga mu mazauna birane.

An haifi Shata a garin Musawa a shekarar 1923. Mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, Bafulatani ne wanda bai gaji roƙo ba, kuma bai so ɗansa ya shiga waƙa ba. A wancan zamani kowace sana'a da matsayinta a idon jama'a, makaɗa da maroƙa kuwa ana ajiye su ne a sahun ƙasa. Ko a cikinsu ma, ɗan gado ya fi shigege daraja. Shata shigege ne. Ya fara da tallar goro da alewa, yana raira waƙa a dandali, har kiɗan kalangu ya zame masa sana'a.

Daga Musawa ya koma Bakori, inda ya sami ubangida, Abdullahi Inde. Sunansa ya fito sosai a 1952, lokacin bikin 'ya'yan Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Daga baya ya zauna a Funtua shekaru masu yawa. Bai tsaya ga fada guda ba kamar makaɗan sarauta. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai da direbobi da manoma, ya kuma ƙarfafa gwiwar sojoji a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Bakandamiyarsa har yau ana nazarin ta a makarantu.

Sannu a hankali wanda aka raina ya zama abin girmamawa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirin dokta a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan waƙoƙinsa. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, sannan a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa. Allah Ya yi masa rasuwa a Kano a watan Yunin 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

To amma 'yan'uwa, mu tambayi kanmu: mutum nawa ne Allah Ya ba irin wannan baiwa a ƙauyukanmu, amma ba su sami mai riƙe hannunsu ba? Dukkanmu mun san makaɗan noma da na gayya da suka tsufa ba su ajiye komai ba, ba a kuma ɗauki muryarsu ko a kaset guda ba. Rashin tsaro a yankin dajin Rugu ya ƙara tarwatsa irin tarukan da suke cin abinci da su. A birni kuwa, idan yaro ya ce zai karanta likitanci sai mu haɗa masa kuɗi, idan ya ce rubutu ko zane ko waƙa, sai mu ce ya lalace.

Saboda haka muna kira ga rassan ƙungiyarmu da su tanadi wani kaso na tallafin karatu domin masu fasaha, su kuma tura matasa su naɗi muryoyin dattawan da suka rage tun suna raye.

Allah Ya jiƙan Alhaji Shata, Ya gafarta masa, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, amin.