Muhammadu Kanta: Sarkin da ya gina Surame

A cikin dajin ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato akwai ganuwar dutse da itatuwa suka lulluɓe. Kufan Surame ke nan, babban birnin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16.

Tarihin baka ya ce mahaifinsa daga ƙasar Katsina ya fito, kuma Kanta ya tashi ne a cikin makiyaya, inda ya yi suna wajen dambe da kokawa.

Littafin Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'di ya nuna cewa Kanta ya mara wa Askiya Muhammadu na Songhai baya a yaƙin Agadas. Amma da aka zo rabon ganima aka hana shi kasonsa, sai ya yi tawaye wajen shekarar 1516. Rundunar da Askiya ya aiko ba ta iya murƙushe shi ba, daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta.

Ginin Surame shi ne aikin da aka fi tunawa da shi. Galibin biranen Hausa da jar ƙasa aka kewaye su, amma a nan da duwatsu aka ɗaga ganuwa, shi ya sa ta jure ruwa da iska har yau. An ce ƙasashen da ke ƙarƙashinsa ne suka turo ma'aikata: Asbinawa suka riƙa ɗauko ruwa a kan raƙuma, su kuwa Nufawa da suka makara aka tilasta musu kwaɓa ƙasa da man kaɗe. Ko da labarin na da ƙari, ya nuna cewa birnin da gumin waɗanda aka ci da yaƙi aka gina shi.

Daga baya rundunar Barno ta kewaye Surame ba ta ci nasara ba. Kanta ya bi su har Nguru ya fatattake su, amma a hanyar komawa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina. Ya rasu wajen 1556.

A farkon ƙarni na 18 aka bar Surame, sarauta ta koma Birnin Kabi. Gwamnatin Najeriya ta ayyana kufan a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1964, kuma a 2007 aka shigar da shi jerin wuraren da ƙasar ke neman hukumar UNESCO ta amince da su.