Tarihin Enrico Fermi, Gwanin Lissafin Ƙwayar Zarra

Yau za mu kawo wa masu karatu, tun ba malaman makaranta ba, labarin wani masani Bature wanda ya nuna cewa in lissafi ya gagara, kintace na hankali yana iya buɗe hanya.

An haifi Enrico Fermi a birnin Rum na ƙasar Italiya ran 29 ga watan Satumba, 1901. Ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Cikin 1915 wansa ya rasu, baƙin ciki ya sa yaron ya duƙufa kan littattafan lissafi. Ya gama karatu a Pisa cikin 1922, bayan shekara huɗu aka ba shi kujerar babban malami a jami'ar Rum.

Cikin 1938 aka ba shi lambar girma ta Nobel. Shekarar nan kuwa gwamnatin Musolini ta kafa dokokin tsananta wa Yahudawa, ga shi matarsa Laura Bayahudiya ce. Da ya je Suwidin karɓar lambar, bai koma gida ba, sai ya zarce Amurka da iyalinsa. Can a Shikago, ran 2 ga Disamba, 1942, shi da abokan aikinsa suka fara kunna tukunyar makamashin zarra. Daga wannan aiki aka kai ga bom ɗin da ya hallaka Hiroshima da Nagasaki cikin 1945. Amma cikin 1949 Fermi ya ƙi yarda a ƙera wanda ya fi shi muni, wato bom na haidirojin.

Aikinsa da muka fi so mu bayyana shi ne na 1950. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, cikin cibiyar akwai 'yan ƙwayoyi da a ke kira furoton. In furoton mai tsananin gudu ya yi karo da ɗan'uwansa, sai sababbin ƙwayoyi su fantsamo. Masana suka rasa yadda za su lissafa ƙarfin gudun kowace. Fermi ya ga bin su ɗaya ɗaya wahala ce. Ku dubi tulun da aka jefa da dutse: ba mai iya faɗin inda kowane tsingaro zai faɗa, amma ana iya kintata nawa za su yi nisa, nawa za su zube kusa. Haka ya ɗauka cewa ƙarfin karon yana taruwa a ɗan ƙanƙanen wuri mai zafi ƙwarai, sa'an nan ya rarrabu tsakanin ƙwayoyin bisa ƙa'idar ƙididdiga.

Lissafin nan bai cika daidai ba, amma ya zama harsashi. Landau na Rasha ya gyara shi cikin 1953, Hagedorn ya ƙara a kai cikin 1965 a CERN, kusa da Janeba. A can ne cikin 2013 aka yi ta harba furoton kan cibiyar darma, ana kuwa auna sakamakon da irin dabarar da ta samo asali daga Fermi.

Ciwon daji na ciki ya kashe shi a Shikago ran 28 ga Nuwamba, 1954, yana da shekara 53. Muna fata malamai su koya wa yara halinsa: a fara da kintace, sa'an nan a yarda gwaji ya gyara shi.