Sheck Exley (1949-1994): Malamin Lissafi Kuma Gwanin Kurmen Kogo

Bahaushe ya san kurme, wato mutum ya nutse ƙarƙashin ruwa ya yi tafiya bai ɗago kai ba, kamar yadda masunta ke yi a bikin kamun kifi na Argungu. Amma akwai wani nau'in kurme da ba mu saba da shi ba, wanda na ga ya dace in kira shi kurmen kogo. Mutum ne zai goya tukwanen iska a baya, ya shiga kogon dutse da ruwa ya cika maƙil, babu haske, kuma idan wani abu ya faru ba shi da damar tasowa sama domin dutse ne a bisa kansa. A wannan maƙala ina so in gabatar wa mai karatu tarihin Sheck Exley, Ba'amurken da ya yi fice a wannan fanni, da yadda rahotannin jaridu suka kusa kashe sana'ar tasa tun yana saurayi.

An haifi Exley ranar 1 ga Afrilu, 1949, ya kuma tashi a birnin Jacksonville na jihar Fulorida. Ƙasar arewacin wannan jiha dutsen farar ƙasa ce da ruwa ya rarake, saboda haka cike take da maɓuɓɓugai masu ruwa garai-garai, kuma a ƙarƙashinsu akwai koguna masu rassa kamar gidan gara. Ya fara kurme a 1965 yana ɗan shekara 16. A 1968 ƙanensa Edward ya nutse a maɓuɓɓugar Wakulla yana kurme ba tare da tukunyar iska ba, Sheck ya yi iya ƙoƙarinsa ya farfaɗo da shi amma rai ya yi halinsa. Wani da ya bar ruwa daga ranar. Shi kuwa sai ya ƙara dulmiya, ta yadda yana da shekara 23 ya riga ya shiga kogon ruwa sau 1,000, abin da babu wanda ya riga shi yi. Kafin rasuwarsa adadin ya haura 4,000.

A shekarun da yake tasowa kayan kurme sun yi araha, matasa suka yi ta tururuwa zuwa maɓuɓɓugan Fulorida. Yawancinsu a teku ko tafki suka koyi kurme, inda mutum zai iya tasowa duk sa'ad da ya ga dama. Sai su hango bakin kogo, ruwa tas kamar gilashi, su ce bari su ɗan leƙa. Da sun kaɗa ƙafa sai laka ta tashi, ruwa ya turbune, hanyar fita ta ɓace, iska ta ƙare. A 1974 kaɗai fiye da mutum 20 suka mutu ta wannan hanya.

Kowace gawa aka fito da ita labari ce ga jaridu da gidajen talabijin. Ba na ganin laifin ɗan jarida don ya ba da labarin mutuwa, aikinsa ke nan. Inda gizo ke saƙar shi ne rahotannin kan tsaya ga adadin matattu da sunan kogon, ba sa bambanta wanda ya sami horo da wanda ya shiga da ka. Mu ɗaliban harshe mun san tasirin wannan: idan kullum kalmar kogo na zuwa kafaɗa da kafaɗa da kalmar mutuwa, mai karatu zai ɗauka kogon ne ke cin mutane, ya kuma ɗauki masu shigarsa mahaukata masu neman ajalinsu. Sakamakon ya faɗa kan ƙwararrun 'yan kurme. Masu filaye suka riƙa rufe maɓuɓɓugai don tsoron shari'a, a Ginnie Springs aka kafa ƙyauren ƙarfe a mashigar kogon, aka kuma yi ta kiraye-kirayen hukuma ta haramta abin baki ɗaya. Laifin wani ya shafi wani ke nan.

Exley yana cikin waɗanda akan kira su ciro gawa idan an yi haɗari, saboda haka ya ga abin da ɗan jarida da ke tsaye a bakin ruwa ba ya gani. Ya san inda aka tarar da mamacin, da iskar da ta rage masa, da ko yana riƙe da igiya. Shi ne shugaban farko na sashen kurmen kogo na ƙungiyar masu binciken koguna ta Amurka. Ya tattara bayanan haɗurra ya bi su ɗaya bayan ɗaya da idon malamin lissafi, sai ya ga kusan dukkansu dalilai ƙalilan ne ke maimaita kansu. Ko dai mutum bai ja igiya tun daga bakin kogo ba wadda zai bi ya fita ko a cikin duhu, ko bai yi tanadin iska ba, ko ya zarce zurfin da ya kamata. Dokar iskar mai sauƙi ce: a raba ta uku, kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, na ukun ajiya saboda kai ko abokin tafiyarka. Batun zurfi kuwa, idan aka wuce kimanin mita 40 iskar da muke shaƙa kullum takan sa mutum maye, hankalinsa ya gushe bai sani ba. Daga baya aka ƙara sharaɗin samun horo da na riƙe tocila uku.

A 1979 ya fitar da ɗan ƙaramin littafi mai suna Basic Cave Diving: A Blueprint for Survival. Tsarinsa ya burge ni. Kowane babi yakan fara da labarin haɗarin da ya auku da gaske, irin wanda jarida za ta buga, sannan ya warware abin da ya jawo shi da yadda za a kauce masa. Wato ya ɗauki kayan aikin ɗan jarida ya yi koyarwa da su. Wannan ya ba 'yan kurme hujjar da za su tunkari hukuma da ita: a hana marasa horo shiga, a bar masu horo. A wurare da dama haka aka yi. Aka kafa alluna a cikin ruwa masu hoton ƙwarangwal riƙe da lauje suna gargaɗin a juya, wasu wuraren kuma suka hana wanda ba shi da takardar shaida shiga da tocila, don duhu ya kore shi tun daga baki. Ba a haramta kurmen kogo a Fulorida ba.

Ya kuma koyar da lissafi a makarantar sakandare ta Suwannee da ke garin Live Oak. A 1989 ya kai zurfin kimanin mita 267 a kogon Mante na ƙasar Meziko, a 1990 kuma ya kutsa fiye da kilomita 3 cikin kogon Cathedral a Fulorida. A 1993 ya nutsa mita 263 a ramin Boesmansgat na Afirka ta Kudu, inda matsin ruwa ya taɓa masa jijiyoyi, jikinsa ya ɗauki rawa, ganinsa ya rikice. A ra'ayina a nan ya kamata ya dakata. Gaskiya ne iska mai gauraye da hiliyom yake shaƙa a irin wannan zurfi, kuma ya fi kowa iya lissafinta, amma wanda ya rubuta wa jama'a dokar zurfi shi ne ya yi ta matsa iyakarta.

Ranar 6 ga Afrilu, 1994, shi da abokinsa Jim Bowden suka shiga ramin Zacatón a jihar Tamaulipas ta Meziko, kowa da igiyarsa, da niyyar kai ƙafa 1,000, wato kusan mita 305. Bowden ya juyo daga mita 282 saboda ƙarancin iska, ya tsira. Exley bai taso ba. Bayan kwana 3, da aka janyo igiyarsa, sai ga gawarsa naɗe da ita, na'urar hannunsa tana nuna ya kai wajen mita 270. Yana da shekara 45.

A wannan karo babu mai cewa mamacin bai san aiki ba, don haka labarin ya fi na baya nauyi a kan 'yan kurme. Mujallar Sports Illustrated ta yi dogon rahoto a kai a shekarar, jama'a kuma suka sake tambayar da aka saba: idan gwanin gwanaye ya halaka, wa zai tsira? Abokansa suka yi masa abin da ya koya musu, suka binciki kayansa da tsarin nutsonsa suka buga sakamakon, inda suka fi zargin illar matsin ruwa ga jijiyoyi da ƙarewar iska.

Shekara 24 bayan haka, a 2018, yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu suka maƙale a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan, duniya ta zuba ido. 'Yan kurmen kogo biyu daga Ingila, Rick Stanton da John Volanthen, su suka gano su, kafofin watsa labarai kuma suka yi ta kiransu jarumai. Ruwan kogon ya turbune har mutum ba ya ganin tafin hannunsa, kuma igiyar da aka shimfiɗa a cikin kogon ita masu ceto suka riƙa lalubawa har suka fito da yaran ɗaya bayan ɗaya.