Louis Pasteur: Ɗan Majemi Da Ya Gano Ciwon Giya

A wannan makon tarihin Louis Pasteur na kawo muku.

An haife shi ranar 27 ga Disamba, 1822 a garin Dole na ƙasar Faransa. Mahaifinsa majemi ne. A Arbois ya girma, garin manoman inabi. Yana yaro ba ya cikin haziƙan aji, zane ya fi iyawa.

A 1863 Sarki Napoliyon na Uku ya sa shi ya binciko dalilin da giyar inabi take yin tsami ta lalace, domin 'yan kasuwa suna ta asara. Mu dai giya haramun ce gare mu, amma ku saurari abin da binciken ya haifar. Pasteur ya duba ta da madubin likita, ya ga ƙwayoyin halitta masu rai ne suke ɓata ta. Sai ya ɗumama ta zuwa digiri 50 ko 60, ba tare da ta tafasa ba, ƙwayoyin suka mutu. A 1866 ya fitar da littafi a kan haka. Daga baya ya sayi gonar inabi kusa da Arbois. A 1878 ya naɗe 'ya'yan inabi da auduga tun suna ɗanyu. Da suka nuna aka matse, ruwansu ya ƙi tashi, saboda yis daga waje yake sauka a kan ɓawo.

Wannan ɗumamawar ce kamfanoni suke yi wa madara yanzu. Ni a ganina matan Fulani sun riga shi, tunda sai sun dafa madara suke yin kindirmo, shi kuma ya bayyana dalilin.

Ya sha jarrabawa. 'Ya'yansa mata uku sun rasu suna yara, biyu da taifot. A 1868 ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, amma bai bar aiki ba. A Yulin 1885 aka kawo masa Joseph Meister, ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza. Aka yi masa allurar da Pasteur ya haɗa, yaron ya rayu.

Ya mutu ranar 28 ga Satumba, 1895. Cibiyar da ke ɗauke da sunansa a Dakar ta Sanigal tana yin allurar rigakafin shawara, cutar da ake tambayar matafiya katinta a bakin iyaka.