Taƙaitaccen Tarihin Malam Abdullahi Smith

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, in dai kai mutumin ƙasar Haɗeja ne, daga Kirikasamma har Auyo, to ka sha jin labarin Garun Gabas, inda aka ce Bayajida ya bar matarsa 'yar Sarkin Borno ta haifi Biram. To, ga tarihin malamin da ya ɗora wannan labari a kan sikeli.

An haife shi a Ingila a 1920, sunansa na yanka Henry Frederick Charles Smith. Ya yi karatun tarihi a Jami'ar Kambirij, ya koyar a Sudan, sannan ya iso Ibadan a 1955. A zamanin nan, ka sani, Turawa da yawa cewa suke yi baƙar fata ba shi da tarihi sai daga ran da Bature ya sauka. Shi kuwa sai ya bi gidajen malamai da waziran sarakuna yana neman littattafan Larabci da kakanninmu suka rubuta. A 1961 ya fitar da maƙala yana zargin masana da yin sakaci da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da makamantansa.

A 1962 ya koma Zariya, ya kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello. A 1967 Allah Ya yi masa baiwar shiga Musulunci, ya zama Abdullahi, ya kuma karɓi zama ɗan Nijeriya.

Yanzu sai ka kasa kunne. A 1970 ya yi rubutu kan yadda daulolin Hausa suka kafu. Bai yarda wani baƙo guda ya zo daga gabas ya kashe maciji, shi ke nan sarauta ta tsiro ba. A ganinsa ƙauye ne ya zama gari, gari ya zama birni, inda akwai ƙasar noma da ruwa da tama da hanyar fatake, ga duwatsu irin Dala da mutane ke taruwa a gindinsu. Da baƙi suka yawaita, dangantakar jini ta kasa riƙe jama'a, sai aka buƙaci sarki da ganuwa. Duba fadamun kogin Haɗeja, yadda manomi da masunci da makiyayi suke haɗuwa, za ka gane abin da yake nufi. Wallahi maganar ba ta yi wa wasu daɗi ba, don labarin da aka gada a fada wuyar taɓawa gare shi. Amma fa bai ce a jefar da labarin ba, ya dai nemi a binciki wanda ya kawo shi da dalilinsa.

A shekarar kuma ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, a gidan marigayi Sardauna. Cikin almajiransa akwai Yusufu Bala Usman, wanda ya rubuta tarihin Katsina. Malam Abdullahi ya rasu a 1984, Allah Ya jiƙansa. A 1987 aka tattara wasu maƙalunsa a littafi guda.