Louis Armstrong, Mai Busa Kakakin Turawa

Sa'ad da nake ƙaramin yaro, ni ne mai busa begila a makarantarmu, saboda haka tun can ina son labarin masu busa. Wanda zan ba ku labarinsa yau Baƙar Fata ne na Amurka, kuma a ganina akwai darasi a cikinsa ga mu masu koyon aikin malanta.

An haifi Louis Armstrong a birnin New Orleans ran 4 ga Agusta, 1901, cikin talauci ƙwarai. Ubansa ya bar gida tun yana jariri. Ran jajiberen sabuwar shekara, a ƙarshen 1912, ya ɗauki bindiga ya harba sama don wasa, sai aka kama shi aka kai shi gidan horon yara. To, can ya gamu da wani malami mai suna Peter Davis, wanda ya koya masa busa, har ya mai da shi shugaban 'yan busa na gidan. A 1922 King Oliver, wani gwanin busa, ya kira shi Chicago. Daga 1925 ya soma yin fayafai da ƙungiya tasa ta kansa, sunansa kuwa ya bazu ko'ina.

Amma duk da sunan nan, a kudancin Amurka ana hana shi kwana a masaukin da fararen fata suka cika don su ji busarsa. Da ya sami ƙarfi, sai ya kafa sharaɗi, watau ba zai yi wasa a masaukin da ba za a bar shi ya kwana ba. A ƙungiyarsa kuma ya haɗa baƙi da fari. A 1956 jiharsu ta Louisiana ta yi doka ta hana irin wannan cuɗanya. Don haka ya ƙi yin wasa a garin haihuwarsa, sai a 1965, bayan an kawar da dokokin wariya.

Babban gwaji ya zo a Satumba, 1957. Yara tara Baƙar Fata suka nemi shiga wata makarantar sakandare a Little Rock, sai Gwamna Faubus ya sa soja suka tare ƙofa. Armstrong ya fito fili ya zargi gwamnan, ya zargi Shugaba Eisenhower da jan ƙafa, ya kuma fasa tafiyar da gwamnati ta so ya yi zuwa Rasha da sunanta. Wannan magana tana iya raba shi da abincinsa, gama yawancin masu biyansa fararen fata ne. Dā ma waɗansu 'yan'uwansa suna yi masa gori, wai ba ya kome sai dariya gaban Turawa. Ashe ba su san shi ba. Bayan 'yan kwanaki Eisenhower ya aika da soja suka raka yaran cikin makaranta.

Ya ziyarci Afirka ma. A 1956 ya sauka Ankara, tun ana kiran ƙasar Gwalkwas, a 1960 kuma ya zo Nijeriya. Ya rasu a New York ran 6 ga Yuli, 1971. Gidansa yanzu ya zama wurin tarihi.

Abin da ya sa na rubuta wannan ke nan. Da muka fita gwajin koyarwa bara, akwai wani yaro mai taurin kai a ajina, har na yanke ƙauna daga gare shi, na mai da shi bencin baya. Da na karanta labarin Peter Davis sai kunya ta kama ni. Shi yaro ɗaurarre aka ba shi, bai raina shi ba. 'Yan'uwana malaman gobe, mu riƙa duban bencin baya. Allah ya ba mu haƙuri da yaran da za a danƙa mana.